Amsa ga ƙanena na Samaru: ƙwallo, kiɗa da dare a Leicester

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin gurbin digiri na biyun ya fito a nan Leicester ta Ingila. Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya. Ka ce zancen kuɗin makaranta da biza da masauki kun daddale da Baba, saura tambayoyin da ba ka iya yi a gabansa ba: ko za ka samu inda za ka ci gaba da taka leda ka kuma riƙa shiga fili kallon Firimiya, ko ɗan kiɗan da kake haɗawa a kwamfutarka zai kawo maka wani abu a nan, sannan yaya daren garin yake. Ka ce abokanka sun cika maka kunne da labarin kulob, ita kuwa Hajiya labarin kulob ɗin ne ya hana ta barci. Na zaɓi in amsa maka a fili ba tare da na kama sunanka ba, domin duk shekara sai an yi mini irin waɗannan tambayoyi, galibi a ɓoye.

Akwai abin da ya kamata ka fara sani, don a kansa sauran suka rataya. A Zariya ba ka taɓa fita neman mutane ba, su suke samunka. Ana idar da la'asar ka ji ana buga ƙyaure a tafi fili. Bayan magariba majalisa ta haɗu a ƙofar gida ko ba a kira kowa ba. Sha ɗayan dare mai shayi na nan da mutane jere a kan benci, ran Asabar gidan kallo ya cika har waje, ga biki yau a Tudun Wada gobe a Gyallesu. Nan babu ko ɗaya daga ciki da ke zuwa da kansa. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ba ta fitowa sai an wuce takwas na safe. Yawancin shagunan tsakiyar gari ƙarfe shida sun rufe. Wanda kuke ɗaki jikin ɗaki zai yi ta gaishe ka a kicin har zango ya ƙare bai tambaye ka daga ina kake ba, kuma ba wulaƙanci ba ne, haka suka tashi. Duk wani zama da mutane sai an sa masa rana da lokaci, an rubuta suna, galibi an biya kuɗi. Ƙofar da ta fi kowace faɗi kuwa, wadda ake buɗe wa sabon ɗalibi tun daren da ya sauka, ta giya ce. In ba ka nemo mutanenka da wuri ba, kaɗaici ne zai zaɓa maka su.

Ni a ganina ƙwallo ce hanyar da ta fi dacewa da irinka. Jami'o'in ƙasar nan bisa al'ada suna sakin ɗalibai ranar Laraba da rana saboda wasanni, ranar ce ake buga gasar jami'o'i ta BUCS, ko da yake masu digiri na biyu wani lokaci akan sa musu lakca a ranar. Ƙungiyar makaranta na gwajin 'yan wasa a makonnin farko, ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Wanda ya makara sai baɗi, kai kuma ba ka da baɗi, karatunka wata 12 ne. Don haka in biza ta fito kada ka tsaya zagayen sallamar dangi daga Birni zuwa Sabon Gari har makaranta ta yi nisa. In an ɗauke ka akwai kuɗin rajista da na kaya. In ba a ɗauke ka ba kada ranka ya ɓaci, akwai gasar cikin gida tsakanin ɗalibai, akwai kuma wadda ta fi riƙe mu, ta biyar-biyar.

Ita wannan a kan ciyawar roba ake yinta, cikin kejin waya, ƙarƙashin fitilu. Awa ɗaya cif ake kama filin, kowa ya tura 'yan fam ɗinsa ta waya tun kafin ranar. Namu daren Juma'a ne, takwas zuwa tara. Bakwai da rabi za ka ga mutane na saukowa daga bas da jaka a baya: ɗan Somaliya, 'yan Sudan, wani ɗan asalin Indiya haifaffen garin, wani ɗan Foland mai aikin gini, sai mu 'yan Najeriya da ɗan Gana. Da hunturu tururi na fita daga bakin kowa, iska na yankar ƙirji a mintunan farko, ƙwallo in ta same ka a cinya sai ka kwana kana jinta. Babu jayayyar rabin awa a kan fanareti, domin tara na bugawa waɗanda suka kama awa ta gaba suna tsaye a bakin ƙofa. In magariba ta faɗo cikin awar, yadda takan yi a Afrilu da Agusta, sai a shimfiɗa riguna a gefen waya a yi jam'i, ɗan Foland ya zauna a kan ƙwallo ya jira mu. A bakin wannan kejin na ji labarin ɗakin haya mai sauƙi, da mahaucin da ke sayar da kayan ciki da ƙafar sa, da inda ake ɗaukar ɗalibai aikin ƙarshen mako. Ka nemi takalmin ciyawar roba mai ƙananan ƙusoshi, da safar hannu.

In ƙwallon kwando ce ta fi ja maka rai, tunda kai ɗan garin da Masai Ujiri, fitaccen jami'in ƙwallon kwando na NBA, ya tashi ne, garin nan na da Leicester Riders, ƙungiyar da aka kafa tun 1967. Kowace Asabar kuma ƙarfe tara na safe ana gudun kilomita 5 kyauta a Victoria Park, tsoho da yaro da mai tura jariri.

Ƙungiyar makaranta na da wani abu da za ka shirya masa. Daren Laraba bayan wasa 'yan wasa sukan fita tare, kuma fitar ta sha ce. Wasu ƙungiyoyin har suna da al'adar karɓar sabon ɗan wasa ta hanyar ɗura masa giya, duk da makarantu sun hana. Ka faɗa tun ranar farko, a fili, ba kame-kame: ni Musulmi ne, ba na sha. Na lura da halinsu. Wanda ya tsaya a kan magana ɗaya sukan ƙyale shi, wani lokaci kyaftin ne ma zai riƙa tare masa. Wanda ake matsa wa shi ne mai cewa yau ba na jin daɗi, gobe ya ce ina da lakca da safe, domin sun gane bai rufe ƙofa ba. Haka nan kada ka shiga karɓa-karɓar sayen abin sha da suke yi, inda kowa ke saya wa teburi gaba ɗaya in layi ya zo kansa. In ka karɓi lemo a layin wani, naka na tafe, kuma giya za ka saya wa mutane da kuɗin Baba. Ka ci abinci da su, ka yi musu sai da safe.

Yanzu ka buɗe kunne da kyau. Bizar ɗalibi ta ba ka damar aiki awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana ka abubuwa uku da suka shafe ka kai tsaye: zama ɗan wasa ko koci na sana'a, zama mawaƙi ko makaɗin da ake biya, da yin sana'ar kanka. Abin da dokar ke nufi da ɗan wasa na sana'a ya fi faɗin yadda kake zato, yana iya hawa kan wanda ya yi rajista da ƙaramar ƙungiyar da ke ba 'yan wasanta abin da bai taka kara ya karya ba. Duk ƙungiyar da ba ta makaranta ba, kafin ka sa hannu ka je ofishin da ke kula da bizar ɗalibai a jami'arku, su ba ka amsa a rubuce. Shi kuma fatan wani zai gan ka a fili ya ɗauke ka, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu. Ƙungiyoyin nan tun yaro bai kai shekara goma ba suke ɗaukarsa makarantarsu ta ƙwallo. Ahmed Musa da ya zo Leicester a 2016 ya bi ta Kano Pillars, ya je VVV-Venlo a Holan, ya yi shekaru a CSKA Moscow kafin a sayo shi. Wilfred Ndidi daga Genk ta Beljiyam aka sayo shi a 2017. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya haɗa ka da gwaji, ɗan damfara ne.

Kallo kuwa, kai da ke gidan kallo a Samaru ka fi mutumin Leicester ganin wasannin Firimiya kai tsaye. A Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma, tsohuwar ƙa'ida ce tun shekarun 1960, don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Sauran wasannin an raba su tsakanin Sky Sports da TNT Sports, kowanne da kuɗinsa na wata, ga lasisin talabijin da ya haura fam 160 a shekara ga duk mai kallon shiri kai tsaye. Shi ya sa yawancinsu mashaya suke zuwa kallo. Ni ba na zama a can. Ka san hadisin da ya yi hani da zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma ban ga abin da ya tilasta ni ba, tunda akwai gidajen abinci na Musulmi da ke kunna wasa, ko mu haɗu a falon wanda ke da rajista kowa ya kawo abin taɓawa.

Filin King Power na ƙungiyar Leicester City na cin mutum dubu 32 da 'yan kai, da ƙafa ake zuwa daga tsakiyar gari. Leicester ta ɗauki Firimiya a 2016, ta ci Kofin FA a 2021 da Ndidi da Kelechi Iheanacho a cikin fili, ta faɗi a 2023, ta dawo a 2024, ta sake faɗuwa a 2025, don haka ka duba rukunin da take ciki kafin ka sa ran ganin manyan ƙungiyoyi a ƙofar gida. Tikitin su Arsenal da Manchester United sai mai katin memba, sayar da tikitin ƙwallo ta bayan fage kuma laifi ne a nan, ga na bogi sun yi yawa a intanet. Wasannin kofi na tsakiyar mako da na ƙungiyar mata sun fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Ka je ko sau ɗaya ne. Babu mai sharhi, sai ƙarar ƙafa a jikin ƙwallo da ihun mai tsaron gida yana shirya 'yan baya. Dattijo da ɗansa da jikansa suna kujerun da suka saba, dubban mutane su ɗauki waƙa ɗaya ba wanda ya ba da umarni. Za ka ji zagi mai nauyi, wannan kam babu makawa, amma tun 1985 aka hana shan giya a inda ake hangen fili, saboda haka a kujerarka ba mai zuba maka ita. A filin nan ne a Afrilun 2021 aka ɗan tsayar da wasa da Crystal Palace don Wesley Fofana, ɗan wasan Leicester a lokacin, ya sha ruwa, cikin azumi.

Abin da na fi ji maka tsoro a harkar ƙwallo yana cikin wayarka. Doka ta yarda da caca a ƙasar nan, tallarta na jikin allunan fili, tana cikin hutun rabin lokaci, shagunanta na kan manyan tituna, har sai da ƙungiyoyin Firimiya suka amince a 2023 za su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban riga bayan kakar 2025/26. Mai shan giya ana gani a idonsa, ana jin wari, abokai su tsawata masa. Mai caca kuwa yana sahun gaba a masallaci ba wanda ya sani. Na san wani yaro ɗan wajenmu, natsattse, da aka turo masa kashi na biyu na kuɗin makaranta bayan naira ta faɗi a 2023, kuɗin suka gaza. Ya ji kunyar sake tambayar mahaifinsa, ya ce bari ya cike giɓin da abin da ya sani, tunda babu wasan da ba ya bi. Kafin wata ya ƙare babu ko sisi. Sai da aka sayar da gona a gida. Har yau in na tuna muryarsa ranar da ya kira ni, jikina sanyi yake yi. Kada ka sauke manhajar ko da sunan gwaji, kyautar da suke ba sabon shiga tarko ce.

Sai kiɗa. Hukuncinsa ba ni zan yanke maka ba, kun sha muhawarar a Zariya, ka san malaman da kake bi. Abin da na gani zan faɗa. Kiɗan Legas ya cika ƙasar nan, za ka ji shi a shagon tufafi, a wurin motsa jiki, a motar yaron da bai san inda Najeriya take ba. Mawaƙansu na cika zauren O2 na Landan mai cin mutum wajen dubu 20, jirgin ƙasa daga nan zuwa tashar St Pancras kuma awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Sai dai tikiti da kuɗin jirgi da abinci sukan cinye abin da ɗalibi ya yi mako yana nema, in jirgin ƙarshe ya wuce ka kuma sai kwanan tasha. Namu kuwa ba za ka ji shi a ko'ina ba sai inda muka kunna da kanmu, walimar Sallah a zauren da aka kama haya, ko taron suna, ko kicin.

Wani dare ina tuƙa tuwo na saki wani tsohon kiɗan kalangu a waya. Wani ɗan Mali da muke gida ɗaya ya fito daga ɗaki da littafi a hannu ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce su ma suna da irin gangar nan ta hammata, ya nuna da gwiwar hannu yadda ake matsa ta. Wata Baturiya mai karatun fasahar sauti ta nemi in mayar baya, in sake mayarwa, tana so ta gane yadda makaɗin ke matse igiyoyi ganga ta bi hawa da saukar muryar mawaƙi. Tuwon har ya huce ana magana. Tun daga ranar nake gaya wa masu irin sha'awarka abu ɗaya: masu haɗa kiɗa irin na Legas da Landan ba su ƙirguwa a nan, kayan aikinsu sun fi naka, amma wanda ya tashi da kalangu a kunne ba su da shi. Kafin ka taso ka ɗauki rikoda ka bi makaɗa, da izininsu, ka kuma sallame su yadda ya kamata: kalangun mahauta, gangar noma, kiɗan dambe, kiɗan ƙwarya na mata, algaita da kakaki in an yi hawa ko naɗi a fadar Zazzau. Jami'ar De Montfort na da sashen fasahar kiɗa da sauti, akwai ƙungiyoyin ɗalibai masu kiɗa, akwai dararen da ake miƙa wa kowa makirufo. Ka koya, ka san mutane, ka tara aikinka. Amma kuɗi a'a. Sayar da kiɗa ta intanet, ko kunna waƙa a biki a biya ka, duk sun faɗa cikin abin da biza ta hana. Ka kuma tanadi abin sawa a kunne mai kyau, bangon ɗakunan nan ba kauri, in sha ɗayan dare ta wuce maƙwabci na iya kai ƙararka.

To, ga daren da aka cika maka kunne da shi. Makon farko na sababbin ɗalibai, wanda suke kira Freshers, kowane dare da shagalinsa, za a yi ta tallata maka abin ɗaurawa a hannu na shiga kulob-kulob. Yawancin masu rawar kan nan yara ne 'yan shekara 18 da suka bar gaban iyayensu karon farko, a shekarar da doka ta ba su damar sayen giya. Kai ka girme su, ka gama digiri, ka yi bautar ƙasa. Tsarin kusan ɗaya ne kullum: a fara sha a ɗaki don ta fi araha, sha ɗaya a hau layi cikin sanyi, ƙarti a ƙofa su duba katin shaida, ciki duhu da ƙarar da ba ka jin na kusa da kai, ukun dare a watse. Ni ƙarshen abin na fi sani, domin lokacin da nake aikin dare a wani gidan ajiyar kaya a bayan gari, a daidai lokacin mota ke sauke mu. Yarinya zaune a dakalin shago, takalmi a hannu, tana kuka. Wata na amai ƙawarta ta riƙe mata gashi. 'Yan sanda sun shiga tsakanin samari biyu, ga layi a gaban mai gashin nama. Waɗannan yaran gobe za su farka a ƙasarsu, da fasfonsu, iyayensu na nan kusa in an shiga mota. Kai takarda ce ta ajiye ka.

Duk baƙon da kotu ta yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, doka ta ce a mayar da shi ƙasarsu, abin da bai kai haka ba ma yana iya ɓata maka biza ta gaba. Naushi ɗaya a bakin titi ya isa. In mashayi ya zage ka, ko ya taɓa launin fatarka, kuma hakan na faruwa, ka wuce, in abin ya yi tsanani ka kira 999, lambar gaggawa ta 'yan sanda. Wiwi laifi ce duk da za ka riƙa jin warinta a hanya. Iskar da suke shaƙa a balan-balan an haramta ta tun Nuwamban 2023. Wuƙa a aljihu na iya zama laifi. Kada kuma ka karɓi saƙon magani ko ƙunshin da ba ka buɗe ba daga hannun kowa a gida, ko waye shi. Batun mata, abin da addini ya ce ka san shi, zan ƙara maka na doka. Murmushi da sakin fuska da zama kusa da kai a aji ba gayyata ba ne. Wadda giya ta gusar wa hankali ba a ɗaukar cewa ta amince da komai. Bin mace da kira da saƙo bayan ta ce a'a, abin da wasu samarin gida ke ɗauka naci ne na soyayya, a nan yana kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa, yana kai shi wurin 'yan sanda. Sannan makaranta na lissafin zuwanka aji, in ka ɓace wajibinta ne ta sanar da ma'aikatar cikin gida. Ayyukan farko da za a ba ka maki a kansu kafin Kirsimeti ko farkon Janairu ake miƙa su, wanda ya kwana a waje a Oktoba a nan yake ganewa.

Amma Leicester na da wani daren, kuma shi ne nawa. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen garin Musulmi ne. Ka bi Evington Road bayan isha'i, ga shayi mai kayan ƙamshi, ga gasasshen nama na halal, ga shagunan kayan zaƙi cike da iyalai da ɗalibai har dare ya raba. Narborough Road kuwa kusan kowane shago da ƙasar da mai shi ya fito. Lokacin Diwali, a Oktoba ko Nuwamba, Indiyawa na ƙawata Belgrave Road da fitilu, bikin da ake lissafa shi cikin mafi girma a wajen Indiya. Da azumi ƙungiyar ɗalibai Musulmi na shirya buɗa-baki, ga tarawihi a Masjid Umar da sauran masallatan Highfields da Evington, kuma a 'yan shekarun nan azumin na faɗowa ƙarshen hunturu, yini ba tsawo. Gidajen shisha ne kawai zan ja maka kunne a kansu. Yaranmu da yawa suna ganin tunda ba giya babu laifi, sai a wayi gari can ne kuɗi da lokaci da ƙirji suke tafiya.

Wannan kuma saƙo ne ga Hajiya. Na san burinta ka je aji ka dawo ɗaki ka kulle. Ka gaya mata cikin ladabi, na ce ɗakin ma yana cin mutum. Na ga waɗanda suka zo da niyyar tsare kansu, ba ƙwallo, ba ƙungiya, ba kowa, daga lakca sai gado sai waya. Kafin Janairu barci ya juye, asuba ta gagara, karatu ya tsaya, mutum na ramewa yana ce wa gida lafiya lau. Wasu cikinsu su ne daga baya suka faɗa abin da suka guda, domin wanda ya fara ƙwanƙwasa musu ƙofa shi suka bi. Ciwon damuwa gaskiya ne, kuma duhun hunturu na ƙara shi. Ka yi rajista da likita a makon da ka sauka, ka riga ka biya kuɗin lafiya fam 776 na shekara tare da biza. Hukumar lafiyarsu na ba da shawarar shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, masu duhun fata irinmu ma duk shekara. Jami'a na da masu sauraron ɗalibin da abu ya dame shi, kyauta, kuma ba a kai labari gida. In ta ji ka ce ka fita ƙwallo, ko kana wurin shayi da 'yan masallaci, ta sa maka albarka ta kwanta.

Juma'ar farko ka yi ta a masallacin ɗalibai, ka tsaya bayan sallah ka gaisa da mutane, ka ba da lambarka. A baje kolin ƙungiyoyi na makon farko ka rubuta sunanka a ta Musulmi, da ta 'yan Najeriya, da ta ƙwallo, ka ƙara da guda ɗaya wadda babu ɗan Afirka ko ɗaya a ciki, ko ta hawan tsauni ce ko ta muhawara, domin ba ka biya wannan kuɗin don ka zauna da mu kaɗai ba.

Wajen haɗa kaya, kada Hajiya ta sa maka kilishi ko dambun nama ko man shanu, ba a shigowa da nama da kayan madara, a filin jirgi za a karɓe. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji su za ka fi nema. Ka turo mini ranar saukarka da filin jirgin, in Heathrow ne akwai bas kai tsaye zuwa Leicester, zan tare ka a tasha. Muna kuma neman ɗan baya a wasanmu na Juma'a, zan sa sunanka. Ka gaishe mini da Baba da Hajiya da kyau.